Tabarmar Ɗakin Ƙuri'a a Gaweye

Ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ne, da idona na gani, da yatsun nan nawa na taɓa. Jiya na ji ɗayanku yana dariya, wai saƙar tabarma aikin wadda ta rasa abin yi ne, kaba ce kawai a ɗora wannan bisa wannan har rana ta faɗi. To, na ji. Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba sai abin salla. Amma tunda akwai mai alƙalami a cikinku, ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Na zo Yamai daga ƙasar Tawa da goyon fari a bayana, tutar Nasara tana bisa sanda tukuna. Kakanku, Allah ya jiƙansa, direban kamyo ne, babbar motar kaya, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Sai ya ajiye ni a unguwar Gaweye wurin gwaggonsa, Gwaggo Hawwa. Tsohuwar Gaweye nake faɗi, gidajen ƙasa a kan gangare, jiragen masunta ɗaure a bakin kogi, babu gada. Mai zuwa Lamorde sai ya nemi mai jirgi, ya yi bisimilla ya zauna. Gwaggo 'yar Maraɗi ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma duk Babbar Kasuwa an san tabarmarta da jan zane biyu da baƙi a tsakani.

Aikin farko da ta ba ni ba saƙa ba ne. Ta turo mini damin kaba da ƙafa ta ce, "Tsaga." Kaba ganyen goriba ce tun tana ƙarama. Tsallaken kogi ake yanko ta, a shanya a inuwa, don rana tana sa ta gautsi. Kowane ganye a cire masa ƙashin baya, wannan na tsintsiya ne, sa'an nan a tsaga sauran da farcen babban yatsa, siriri siriri, duk faɗi ɗaya. Gefen kaba kaifi gare shi kamar aska. Kafin la'asar yatsuna sun yi jini, na nuna mata. Ta duba ta ce, "Kada ki ɗiga mini a kan farar, ba ta wankuwa." Rani ya wuce, damina ta zo ta tarar da ni ina tsaga. Farcena ya yi kauri ya yi tsagi a tsakiya, ga shi nan har yau, ku duba.

Kayan aikinmu ba su cika ƙwarya ba: ƙaramar wuƙa da maƙeri ya yi daga guntun ƙarfen mota, basillar ɗinki, jiƙaƙƙen tsumma na naɗe kaba don ta yi laushi, da dutse mai faɗi na dannewa. Tukunyar rini ita ce babba, ba a dafa abinci a cikinta. Ja daga karan dafi yake, a tafasa da 'yar kanwa. Baƙi kuwa sai an dafa kaba da bagaruwa, a binne ta cikin taɓon bakin kogi, a bar ta ta sha. Wadda ta yi gaggawar tonowa launin jaki za ta samu. Kuma ba a saƙa tabarma gaba ɗaya yadda kuke zato. Doguwar saƙa ake yi mai faɗin tafin hannu, ana naɗe ta kamar gammo, in ta isa a yanka daidai tsawo, a jera, a ɗinke gefe da gefe yadda ido ba zai ga mahaɗi ba. Da sanyin safiya ake saƙa, lokacin da kaba take da biyayya. In rana ta take sai ta yi taurin kai, a koma ɗinki.

Tabarmar farko da na gama, ta zaman mutum ɗaya ce, na kawo mata ina jin kaina. Ta miƙe, ta ɗaga ta sama tsakaninta da rana, ta ce in shigo ƙarƙashi.

"Me kika gani, Ramatu?"

"Haske, Gwaggo, ɗigo-ɗigo."

"Taurari da tsakar rana. Wa zai sayi sararin sama ya shimfiɗa? Warware."

Na warware. Tun daga ran nan babu tabarmar da ta bar hannuna ba ta gaisa da rana ba.

Masu saye iri-iri ne. Limamai suna son doguwa mara zane, kada ido ya bar salla ya bi ado. Masu biki suna son ja da yawa. Zabarmawan bakin kogi su ce fofo, sannunsu ke nan, su taya da rabin Hausa rabin Zabarmanci, a rabu ana dariya. Matan Nasara kuwa a bango suke kafa ta, abin da ya ɗaure mana kai, mutum ya sayi abin zama ya hana shi ƙasa. Akwai kuma wadda ba a ciniki a kanta, fara fat, ta naɗe mamaci. Kullum da irinta a rataye a ɗaka, don ba a tsayar da mai makoki a ƙofa.

Akwai aikin da Gwaggo takan tuna tana tofar da yawu, na ƙuruciyarta a Maraɗi. Kumandan zai yi rangadi, sai gardinsa ya shigo gida ba sallama, ya nuna tabarmi da bulala, a kwashe a kai masauki. Ba a biya, ba a mayarwa. Mijinta ya taɓa buɗe baki ya ce don me, aka rufe shi, babu alƙali, babu shaida, sai ranar da kumandan ya tuna da shi. Ta ce a wancan zamani doka tana cikin bakin mutum ɗaya. Shi ya sa ranar da wani saurayin ma'aikaci ya yi sallama a ƙofarmu, ya ce daga meri yake, biron magajin gari, yana son tabarmi masu yawa, Gwaggo ta ce mini a hankali, "Ɓoye masu kyan."

Sunansa Abdu, ɗan Damagaram, kowa Mushe Abdu yake ce masa. Ya tsuguna ya gaida ta kamar ɗan gida, ya ce saye zai yi. Ya zana a ƙasa da tsinke: sanduna a kafe, tabarma ta kewaye gefe uku, ta huɗu ta zama ƙofa. Tsawo ya wuce kan dogon mutum, ƙasa a bar fili kaɗan yadda za a ga ƙafafu.

"Makewayi za ku yi wa Nasara?" in ji Gwaggo.

"A'a, Inna, ɗakin ƙuri'a ne. Za a yi wate, wato zaɓe, kuma wannan karon kowa da kowa, har mata. Mutum ya shiga shi kaɗai da takardu, ya zaɓi wadda ransa yake so ya sa a ambulan, ya fito ya jefa a akwati."

"Shi kaɗai? Mai unguwa fa?"

"Yana waje."

"Mijin mace fa?"

"Yana waje, Inna."

Gwaggo ta daɗe tana kallon zanen nan. Sa'an nan ta ce in fito da waɗanda na ɓoye.

Ranar da aka fara rataya su a filin lakwal mun sha kallo. Tsoho ya zo ƙofar ɗakin ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya tsaya yana jiran a amsa. Mata su ce ba sa shiga sai da rakiya. Wata ta shiga ta zauna abinta tana ba ɗa nono, don ta sami inuwa, layi yana jira a rana. Mushe Abdu yana ta kai da kawowa yana cewa, "Baba, babu kowa a ciki, kai ne mai ɗakin." Daga wannan shekara aikin ɗakin ƙuri'a ya zama namu.

Aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu. Mun yi saƙa har yatsu suka kumbura, don kowace unguwa tana taro. A rediyon mai shayi muka ji ana karanta wani littafi da Hausa da Zabarmanci, wai shi ne tsarin mulki, uban dokoki. An ce ya faɗi iyakar ikon shugaba da na 'yan majalisa da na alƙali. An ce ba za a rufe mutum ba sai da dalilin da doka ta sani. An ce kowa yana da bakin magana da ƙafar zuwa taro, kuma ƙuri'a a asirce take. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, hannunta bai bar aiki ba, ta ce, "Saƙar ta yi kyau a kunne. Sai an ɗaga ta a rana."

Shekarar da ta fi mana muni ba ta fari ba ce, ruwa ya sauka, gero ya yi. Shekarar kame ce. Tun kafin nan an hana sauran jam'iyyu, saura ta gwamnati kaɗai. Sai aka ce waɗansu 'yan jam'iyyar da aka hana sun shigo da bindigogi ta daji. Jandarmomi suka tsaya a mashigar jirage, duk damin kaba da ya tsallako sai sun soke shi da wuƙar bindiga, ta nan, ta can. Kaba ta iso mana a kakkarye, rabi sai wuta. Wannan ma da sauƙi. Ku sani tabarma abin taro ce, mutum ɗaya buzu ya ishe shi. In maza suka zauna gindin bishiya ana zuwa a tambaye su me suke faɗi, wa zai sayi doguwar tabarma? Majalisun ƙofar gida suka watse, biki ya koma cikin ɗaki. Muka yi ta kai kaya Babbar Kasuwa muna komowa da su a ka. A shekarar nan na koyi saƙar mafici, don shi mutum ɗaya yake saye.

A gidan da muke akwai wani ɗan haya, Idi tela, mutumin Tasawa, yana da keken ɗinki a wata rumfa a Babbar Kasuwa. Mutum ne mai sanyi, in ya yi magana sai ka matso. Yana zaune da tsohuwarsa, Inna Hajara, wadda idonta ya fara rufewa, da wansa Mamman. Mamman shi ne mai baki, ɗan jam'iyyar da aka hana ne tun ana yi da ita a fili. Wata safiya muna tsagar kaba a tsakar gida mota ta tsaya, aka fita da shi da butar alwala a hannu. Ba a kai shi gaban alƙali ba. Aka ce yana tsare can arewa cikin rairayi, ba wanda ya san ranar fitowa.

Ana cikin haka aka yi shelar za a sake wate, amma takarda ɗaya ce, ta jam'iyya ɗaya. Mai kula da sha'anin jam'iyya a unguwarmu wani ne Garba, tsohon dillalin shanu, ana ce masa Garba Kwamiti. Ba mugu ba ne can can, amma yana son a gani a sama cewa unguwarsa ba ta da baragurbi. Ya zo har tsakar gidanmu ya tsaya a kan Idi yana cin tuwo.

"Idi, ranar wate ina son in ga fuskarka."

"In Allah ya so, Malam Garba."

"Allah ya riga ya so. In ba ka zo ba, mun san abin da kake nufi. In ka zo ka jefa ambulan wofi, za mu sani. Rumfarka akwai masu sonta, kuma motar da ta ɗauki wanka ba ta cika ba."

Yana fita Inna Hajara ta kira ɗanta daga bakin ɗaki, ba ta rage murya ba.

"Idi, in ka sa hannunka ka zaɓi waɗanda suka ɗauke mini Mamman, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

"Inna, in suka ɗauke ni, wa zai ba ki abinci?"

"Wanda ya ba ni kafin in haife ka."

Idi ya zauna a wurin, tuwo ya huce a gabansa. Ga gidan kaso a dama, ga bakin uwa a hagu, kuma ranar tana matsowa.

Garba ya san ɗakin tabarma ne zai tsare masa ido. Ya tafi meri ya ce bana ba sai an kafa ɗaki ba, takarda ɗaya me za a ɓoye? Ina wurin, na je jin ko akwai aiki. Mushe Abdu ya buɗe hannuwa ya ce, "Malam Garba, ba ni na rubuta ba. Manyanmu suka rubuta cewa ƙuri'a a asirce take, kuma ban ji an goge ba. In kana so a cire ɗakin, rubuto mini, ka sa sunanka a ƙasa, in kai sama."

Garba ba ya son sunansa a ƙarƙashin kowace takarda. Ya ce to a yi ɗakin da asabari, ya fi shan iska. Kun san asabari, labulen tsinke na ƙofar ɗaki, wanda in rana tana bayansa har goron da yake hannun mutum ana gani. Mushe Abdu ya ce shi tabarma ya saba saye, tabarma zai saya.

Sai Garba ya biyo ta wurinmu da goro, ya tsuguna. "Gwaggo, ai ba sai kin wahalar da yatsunki ba, aikin yini ne kawai. Ki sassauta saƙar, iska ta riƙa ratsawa."

Gwaggo ba ta ɗaga kai ba. "A ina za a rataya ta?"

"Filin lakwal."

"Gaban duk mutanen Gaweye, da zanena a jiki. Matan Lamorde su tsallako su ce Hawwa ta tsufa, tabarmarta ta zama rariya. Kai za ka sayo mini sunana daga baya?"

"Haba Gwaggo, sha'anin siyasa ne."

"Ni kaba na sani. Ɗauki goronka, haƙorana sun ƙare."

Kada ku ce don Idi ta yi, ban taɓa jin ta ambaci sunansa a kan wannan ba. Ko ɗakin awaki ne haka za ta saƙa shi. Da kakkaryayyar kabar nan muka yi aikin, muna tsintar mai rai a cikin dami. Saƙa da gajeriyar kaba ita ce gwajin masaƙiya, don kowane mahaɗi ƙofa ce ga haske. Kowace muka gama ta ɗaga ta a rana da kanta, babu tauraro ko ɗaya.

Garba bai haƙura ba, ya sake dabara. Ya bi gida gida kafin ranar yana raba takardar ƙuri'a, kowa da tasa a hannu, don kada wani ya ce bai gane ba. Sa'an nan, a zaɓukan baya akan ajiye kwando a cikin ɗakin, inda mutum zai zuba takardun da bai zaɓa ba. Garba ya sa aka fitar da kwandon, ya ce bana babu abin zubarwa. Lissafinsa shi ne, in Idi bai sa takarda a ambulan ba, ko dai a gan ta a ƙasan ɗaki, ko a lalubo ta a aljihunsa.

Ranar ta zo. Ni aka bari kusa da ɗakin da basilla da igiya, saboda iska. Kowa ya zo da takardar Garba, amma a tebur Mushe Abdu yana miƙa wa kowa ambulan da wata takardar. Limamin unguwa ne na farko, ya ce, "Ɗana, ina da tawa." Mushe Abdu ya ce, "Karɓi ta tebur, Malam, doka ta ce daga nan kowa yake ɗauka." Liman ya shiga da takarda biyu, ambulan ɗaya. Abin da ya yi a ciki sai daga baya muka gane. Ya sa ɗaya a ambulan, ya duba babu kwando. Ku yaran yanzu kuna taka takarda da takalmi, kuna ƙunsa ƙosai a ciki. Mutanen da ba haka suke ba. Duk abin da yake da rubutu ba a yar da shi a ƙasa, ko na Nasara ne, don ba ka san ko akwai sunan Allah a ciki ba. In ka tsinta a hanya sai ka ɗaga ka soke a jikin danga. Fitowa da ita a hannu kuwa, ga Garba yana kallo, wa yake so a ce bai jefa ba? Liman ya linke tasa ya soke ta a naɗin bakin tabarma. Na bayansa ya shiga ya ga inda liman ya sa, ya sa tasa kusa. Haka, haka, har hantsi ya ɗaga.

Idi ya zo wajen azahar da farar riga, fuskarsa kamar wanda ya tashi daga ciwo. Garba yana gindin dogon yaro da mutanensa. Idi ya karɓi ambulan da takarda, ya tuɓe takalmi a ƙofa yadda tsofaffi suke yi, ya shiga ya ja tabarma. Ƙafafunsa kaɗai muke gani. Sun tsaya wuri ɗaya, babban yatsa yana tona ƙasa. Garba ya zagaya yana neman inda rana za ta taimake shi, ya kara ido kusa da saƙa. Ina zaune ina kallonsa. Can Idi ya fito, ya jefa ambulan a akwati, ya sa takalminsa.

Yana barin filin mutanen Garba suka tare shi a bakin hanya, suka lalube aljihu, suka cire hula, har cikin takalmi. Babu komai. Garba kuwa ya faɗa ɗakin kafin na gaba ya shiga. Ƙasa fes, ko ɓawon gyaɗa babu. Ya ɗaga kai. Na leƙa ta bayansa na ga abin da ya gani: bakin tabarma daga sama har ƙasa, da tsakaninta da sanduna, duk inda yatsa zai shiga, takardu ne a soke, ɗaki ya yi gashi kamar beguwa. Duk iri ɗaya ne. Ko Idi ya soke ɗaya ya sa ɗaya a ambulan, ko ya soke duka biyun, sai wanda ya halicce shi.

Garba ya fito ya tsaya a kaina. "Ramatu, ke kina kusa. Me kika ji?"

"Iska, Malam Garba."

"Wa ya ce su soke takardu a nan?"

"Ban sani ba. Na dai ga kowa da biyu, kuma ban ga kwando ba."

Wata tsohuwa a layi ta ce, "Kai Garba, in haya za ka kama a ɗakin ka gaya mana, rana tana cinmu!" Layi ya fashe da dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba a Gaweye.

Aka ƙirga a rufe, rediyo ya ce ƙasa duka ta amince. Ko an sami ambulan wofi a akwatinmu, ba a gaya mana ba. Garba ya yi ta zagayen rumfar Idi, amma ba shi da abin riƙewa, kuma bai so a ji a sama cewa dabararsa ce ta cika ɗaki da takardu. Idi ya ci gaba da taka kekensa. Da ya koma gida ran nan Inna Hajara ta ce, "Idi, me ka yi?" Ya ce, "Inna, na dawo." Ta daɗe tana shafa fuskarsa da hannu, ba ta sake tambaya ba, kuma ta ci tuwon da yake kawowa har ƙarshen ranta. Mu kuwa muka kwance tabarmi, muka zare takardun muka kai wa liman ya ƙone su yadda ya kamata. Bakin tabarmin duk ya buɗe, sai da muka sake naɗi, Gwaggo tana mita, wai in za a sake a gaya mata ta ɗinka wa ɗakin aljihu.

Kaba ta dawo daidai, taro ya dawo a hankali, aka gina gada. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, Inna Hajara ta bi ta. Na gaji tukunyar rini da zanen. Da saƙar nan na ciyar da iyayenku na sa su lakwal. Ban yi arziki ba, ban kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi.

Daga baya soja suka karɓi mulki, suka ajiye littafin tsarin mulkin nan gefe, amma suka saki 'yan siyasar da suke tsare. Mamman ya dawo, ya rame, haƙora sun zube, bakin dai yana nan. Aka yi shimfiɗa a ƙofar gida, unguwa ta zo barka. Har Garba ya zo, ya koma dillancin shanunsa, ya zauna can gefe yana murza hula. Ina kawo fura na ji Mamman yana cewa, "Idi, har can labari ya iske ni. An ce Inna ta ɗaure ka da nono, wannan kuma," ya nuna Garba da haɓa, "ya ɗaure ka da mota. Yau ba mai kama ka. Faɗa mini gaban jama'a, ka sa ko ba ka sa ba?"

Garba ya daina murza hula ya miƙo wuya.

Idi ya karɓi ƙwarya daga hannuna, ya sha, ya goge baki.

"Yaya, ran nan an ce mini ɗakin nawa ne ni kaɗai. Malam Garba ya nema da mota a bayansa bai samu ba. Inna ta tambaya ban faɗa ba. In na faɗa maka yau don iska ta juyo wajenka, ashe ba ɗaki na shiga ba."

"Ni fa wanka ne!"

"Shi ya sa na bar maka gadon kwanana da rabin rumfata. Wannan kuwa nawa ne."

Mamman ya zura masa ido. Can sai ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce, "Garba, kai da jandarmominka ba ku samu ba, ni da shekaruna a rairayi ban samu ba. Matso ka sha fura."

Garba ya matso. Idi kuwa ya rayu har ya ɗinka wa iyayenku kayan aure, ya koma ga Allah da abinsa a ciki.